FILIN UWARGIDA: Miyar Kifi Da Madarar Kwakwa Irin Ta Mutanen Kerala

Jihar Kerala tana kudu maso yammacin Indiya, a gaɓar teku, ƙasa ce mai yalwar kwakwa da kifi da kayan yaji. Kusa da garinta na Kalikut ne Basko da Gama, mutumin Fotugal, ya sauka a shekarar 1498 wajen neman kayan yajin nan. Daga cikin girke-girkensu akwai wata miyar kifi da suke kira min moili, "min" kuwa da harshensu kifi ke nan. Ba sa zuba mata garin kori na gwangwani. Kurkum ne ke ba ta launin rawaya, madarar kwakwa kuma ke ba ta garɗi.

Asirin miyar duka yana wajen tatsar kwakwa, domin madara iri biyu ake fitarwa. Uwargida ta fasa busasshiyar kwakwa guda 2, ta goge namanta ya yi laushi, ta zuba ruwan ɗumi kofi 1, ta murza da hannu, ta matse a cikin tsumma mai tsabta. Wannan ita ce madarar farko mai kauri, a ajiye ta gefe. Sa'an nan a ƙara wa tuƙar ruwa kofi 2, a sake matsewa, a sami ta biyu mai tsinkewa.

Kifi kilo 1 ake bukata, mai tsoka wanda ba ya saurin farfashewa, kamar giwan ruwa ko karfasa. A wanke shi, a yayyanka, a shafe shi da gishiri da kurkum da ruwan lemun tsami, a bar shi minti 20. Mutanen Kerala da man kwakwa suke suya, amma man gyaɗa ma ya wadatar. A soya albasa 2 da citta ɗanya da tafarnuwa da ɗanyen barkono, har albasar ta yi laushi, kada a bari ta yi ja. Sai a zuba madara ta biyu, in ta tafasa a jera kifin, a sa tumatir 2 a yanke, a rage wuta, a rufe kamar minti 10.

To, a nan ne akan yi hasara. Kifi ba ya son ludayi. Wadda ta shiga juya shi kamar nama, sai ta iske ya zama fate-fate, ƙaya ta watsu cikin miya, abin ya zama haɗari ga yara. Maimakon juyawa, a kama tukunyar da hannu biyu a girgiza ta a hankali. Haka kuma madara mai kauri ba ta jure tafasa, in wuta ta yi yawa sai ta tsinke, mai ya taso sama. Saboda haka a ƙarshe ake zuba ta, da zarar ta fara tururi a sauke, sa'an nan a ɗiga sauran lemun tsami.

A can da shinkafa suke ci, ko da wata irin waina ta shinkafa da suke kira appam. A nan gida kuwa sinasir ko tuwon shinkafa sun dace da ita ƙwarai. Allah ya ba uwargida sa'a.