Minti Sittin a Rana: Sanin Iyaye da Aikinsu

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a rana, bisa matsakaicin lissafin mako, yana motsa jiki har numfashinsa ya ɗaga, kuma sau uku a mako ya yi abin da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar gudu da tsalle. Wani bincike da masanan hukumar suka buga a 2019, a kan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari ba sa cika minti sittin ɗin. A wajen 'yan mata kuwa, kashi 85 ne.

Magidanci a Kiru ko Doguwa zai iya yin murmushi idan ya ji wannan. Ɗansa yana kai taki gona, yana kora awaki kiwo, yana zuwa makaranta a ƙafa. Wane motsa jiki kuma ya rage? Yana da gaskiya, amma game da ɗa namiji kawai. Diyarsa fa? Da zarar ta fara girma sai a hana ta gaɗa da tsallen igiya, a ce ta natsu. Abin takaici, a daidai shekarun balaga ne jiki ke tara kaso mai yawa na ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi har tsufa. Ƙashi abu ne mai rai: ƙwayoyin da ke gina shi suna ƙara himma ne idan ya ɗauki nauyi ko ya sha dira. Yarinyar da aka zaunar, ƙashinta aka yi wa rowa.

A nan sanin ƙa'idar yake da amfani. Uban da ya san adadin zai daina ɗaukar langa da ƙwallo a matsayin shiririta, ya lissafa su cikin bukatun yaro kamar tuwo da barci. Sai dai sani kaɗai ba ya tayar da yaro daga gaban waya. Goyon baya aiki ne: a ba da izini, a ware lokaci tsakanin Islamiyya da magariba, a rage tallan da ke cinye yammacin yarinya, a kuma san inda ake wasan. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Bebeji da Tudun Wada, domin iyo a gefen madatsar Tiga motsa jiki ne mai kyau, amma ruwan da dodon koɗi ke zaune cikinsa shi ke yaɗa tsargiya.

Malaman sakandare su suka fi kowa damar isar da wannan bayani. A taron iyaye da malamai, inda aka saba maganar kuɗi da sakamakon jarrabawa, ya kamata malamin kimiyya ya miƙe ya faɗi adadin nan, ya bayyana dalilinsa, sannan ya nemi a keɓe wa 'yan mata filin makaranta kwana biyu a mako, ƙarƙashin kulawar malama.