Harara ce ko sauraro? Zanen Beethoven na 1820

Duk wanda ya ga zanen da Joseph Karl Stieler ya yi wa mai tsara kiɗa Beethoven a 1820, abin da zai fara cewa shi ne mutumin nan a fusace yake. Ni ban yarda ba. Gaskiya ne gashi ya yi buzu-buzu, furfura ta cika kai, baki a tsuke, ga jan ƙyalle a wuya kamar garwashi cikin riga mai duhu. Amma a dubi idanun da kyau: ba mu suke harara ba, sun ɗan ɗaga sama, sun zarce mai kallo. A lokacin kurumta ta ci ƙarfinsa, sai an rubuta masa magana a littafi yake amsawa. Kallon nan na mai kasa kunne ne ga sautin da babu mai jin sa sai shi. Fensir na hannun dama, takardun Missa Solemnis na hagu, kiɗan ibadar coci da ya so gamawa don bikin naɗa Yarima Rudolph babban bishop a watan Maris na shekarar, bai kuwa kammala ba sai 1823. Ashe da bashin aiki a kansa mai zanen ya kama shi! Dajin bayansa ya dace da shi, don an san shi da yawo a karkarar Vienna. Hannayen ne kawai ba su gamsar da ni ba: sun yi laushi da yawa ga mutumin da ya shekara fiye da arba'in yana dukan piyano. Zanen na nan a gidan da aka haifi Beethoven, a Bonn ta Jamus.