Buhun Yashi da Taɓarya: A Koyar da Juyi Kafin a Shiga Fage

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ja ayari zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara jawo Hausawa da Fulani. Yau Larabci ya yi ƙarfi a bakin jikokinsu, kuma wasan gado da ba a koyar da shi da gangan ba zai daɗe ba.

Duk mai niyyar koya wa yaran waɗannan ƙauyuka dambe ko kokawa ya kamata ya fara da kayan atisaye, domin ginshiƙin wasannin biyu juyi ne. Ƙarfin naushi daga tafin ƙafa yake tasowa, ƙugu ya murɗa, kafaɗa ta biyo baya, sannan hannun da aka naɗe da kara ya isa. Ɗan kokawa ma da juyin ƙugu yake kayar da wanda ya fi shi nauyi.

Kayan suna nan cikin gida. Taɓarya a kan kafaɗu tana tona asirin yaro: idan kafaɗa ta riga ƙugu juyawa, kowa zai gani. Tsohuwar robar tayar keke da aka ɗaure a gungume tana tilasta masa ya kafa ƙafa kafin ya juya. Buhun yashi da aka rataye a reshe yana karɓar naushi ɗari ba tare da kan kowa ya bugu ba.

Tsofaffin 'yan wasa za su ce a fage ake zama gwani, kuma buhu ba ya ramawa. Suna da hujja, domin auna nisa da karanta idon abokin karo sai da mutum. Sai dai kuskuren da taɓarya za ta gyara a mako guda, a fage da gocewar gwiwa ko bugun kai ake biyan sa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma ribar harshe. Malamin da ke cewa "juya", "juyo", "murɗa", "tanƙwara", "kafa ƙafa" yana koyar da nahawu a aikace. Yaro zai ji a jikinsa cewa wasalin ƙarshe na "juyo" yana nufin fuskantowa wajen mai magana. Don haka a riƙa ba da umarni da Hausa, ko da hirar bayan atisaye da Larabci za a yi. Tun da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa iyalai daga Jazira da Sinnar, irin wannan darasi ya ƙara daraja, domin buhu, igiya da kalmomi ana iya tafiya da su duk inda aka sauka.