Zauren Ɗalibai: Fara Ware Kuɗin Dawowa

Ƙannena, lokacin jarrabawar JAMB ya ƙarato, kuma ba kowa ne zai samu cibiya a cikin Haɗeja ba. Wasunku Dutse za a tura su, wasu Kano. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ba abin wasa ba ne.

Kafin ka bar gida, raba kuɗinka kashi uku: na tafiya, na abinci, na dawowa. Na dawowar nan ka ɓoye shi daban, ka ɗauka ba naka ba ne. Ɗalibin da ya cinye shi a wajen mai shayi, shi ake gani yana zagaye tasha da yamma yana roƙon direbobi.

Tun ana gobe tafiya ka leƙa tasha ka tambayi farashi, don kada ɗan kamasho ya yi maka ƙari. Ku haɗu ku uku ko huɗu. Kun fi samun ragi, har wurin kwana. Idan kina da gwaggo a garin, Baba ya kira ta tun da wuri.

Guzuri kuwa daga gida: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyen kifinmu na Haɗeja, da ruwa a gora. Tsiren Gujungu zai jira wata rana.

Abu ɗaya ne ba a tsimi a kansa. Kada ku shiga motar bakin hanya don arha. A tasha ake da sunan direba da lambar motarsa.

Allah Ya ba da sa'a.