Na sake kunna Black Hawk Down, sai na lura da waɗanda nake harbi

A hutun zangon karatun da ya wuce na sauke wani tsohon gem a laftof ɗina: Delta Force: Black Hawk Down, wanda kamfanin NovaLogic ya fitar a 2003. Kusan sa'ana ne. Ina ɗan shekara goma na fara buga shi a tsohuwar kwamfutar yayana, wadda fankarta ke ƙara kamar injin markaɗe.

Kunna shi a Windows 11 sai da na ɗan sha fama. An yi gem ɗin ne don allon da, mai kusan murabba'i, don haka a faffaɗan allon yanzu sojojin suka baje kamar an danne su. Na yi 'yan gyare-gyare a saiti, ya tashi. A da sai kwamfutar ta yi ta nishi kafin ta buɗe shi, yanzu kuwa ko ɗumi laftof ɗin bai yi ba.

Da na soma bugawa ne na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba ina yaro: mutanen da nake harbi. Baƙaƙen fata ne, cikin lunguna masu ƙura da kasuwanni da gidajen kwano irin na unguwanninmu. Sojan Amurka yana da muƙami, yana da murya a rediyo, idan ya faɗi sai ka ji ba daɗi. Ɗan Somaliya kuwa ya fito, ya yi ihu, ka harbe shi, wani ya maye gurbinsa.

Kuma labarin ya faru da gaske. Ranar 3 ga Oktoban 1993 sojojin Amurka suka shiga tsakiyar Mogadishu don kama muƙarraban Janar Mohamed Farah Aidid. Aka harbo jiragensu masu saukar ungulu guda biyu, aka kwana ana ba-ta-kashi. Sojojin Amurka 18 suka mutu. 'Yan Somaliya ɗaruruwa ne, har da mata da yara, kuma har yau ba a daidaita kan adadinsu ba. Wata guda kafin nan an kashe sojojin Najeriya bakwai da ke aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan birni. Mu nawa ne muka taɓa jin wannan?

Maganar ta dawo sabuwa saboda Delta Force ya koma hannun Tencent na China, kuma a Fabrairun 2025 aka sake fitar da labarin Black Hawk Down da hoto mai kyau kamar fim. A watan ne kuma Netflix ta saki shirin Surviving Black Hawk Down, inda mazauna Mogadishu suka ba da nasu labarin da bakinsu. Bayan shekara talatin da 'yan kai, an miƙa musu makirfo.

A ajinmu na koyon aikin jarida ana yawan nanata mana cewa wanda ya riƙe kyamara shi ke zaɓar abin da za a gani. Gem ya fi fim ƙarfi a nan, domin a fim kallo kawai kake yi, a gem kuwa da yatsanka kake harbin. Fim ɗin Ridley Scott na 2001 da gem ɗin 2003, duk ta taga ɗaya suka leƙa. Yaron da ya taso da su zai san sunan bindigogin Amurka tsaf, amma bai san abin da ya sa talakawan birnin suka fito kan titi a wannan rana ba.

Ni dai ban goge shi ba, kuma ba na cewa ku daina buga Call of Duty ko PUBG a wayoyinku. Gem da daɗi, gaskiya. Sai dai idan aka ce an gina shi kan abin da ya faru da gaske, ku ware minti goma cikin datar da kuke ƙonawa ku nemi labarin ɗaya ɓangaren.

Abin da ke damuna shi ne namu yaƙe-yaƙen. Wata rana wani kamfani zai yi gem kan Sambisa ko dazukan Zamfara. Idan matasanmu masu koyon kwamfuta da rubutun labari ba su riga shi ba, a wannan gem ɗin mu ne za mu zama masu fitowa da ihu daga lungu.