Dangin da muka samo a Facebook

'Yan'uwa matasa, da yawa cikinmu mun shiga neman asalinmu a intanet. Mukan rubuta sunan kaka da na ƙauyensa a Facebook, sai ga wani daga Maraɗi ko Kumasi yana cewa kakanninmu wa da ƙane ne. Wannan abin murna ne, gama abin da tsofaffin gidanmu suka manta, wataƙila nasu suna tune da shi.

Amma ga inda muke tuntuɓe: da mun gane ɗan'uwan nan Musulmi ne, ko ya ce kakanmu matsafi ne, sai mu daina amsa saƙonsa. Ba daidai ba ne. Mu buɗe Matiyu 1:1-17. Cikin asalin Ubangijinmu Yesu akwai Rahab, karuwar nan ta Yariko, da Rut, mutuniyar Mowab. Matiyu bai share sunayensu ba, don me za mu share namu?

Mu fara tabbatar da labarin wurin dattawa, kada mu yi saurin aika wa baƙo kuɗi. In ya tabbata jininmu ne, mu kai ziyara, gama zumunta a ƙafa take. Ubangiji ya taimake mu. Amin.