Hana Lada Dabam, Rufe Baki Dabam

A ƙasar Amurka ma'aikacin Gwamnatin Tarayya, kome gwanintarsa, ba ya tashi haka kawai ya ba da shaidar masani cikin shari'ar da ke tsakanin mutum da mutum, sai ma'aikatarsa ta yarda. Masu kare wannan doka suna cewa lokacinsa na jama'a ne, da kuɗin haraji aka saye shi, in kuwa ya karɓi lada wurin mai ƙara, to, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan kam gaskiya ce. A hana shi karɓar ko anini.

Amma a dubi inda dokar ta kai. Jirgin sama ya faɗi, ma'aikatan hukumar binciken haɗari suka tsince tarkacen, suka auna kome. Matar wani mamaci ta kai kamfanin jirgin ƙara. Mai binciken ba zai tsaya gaban alƙali ba. Abin da idonsa ya gani kaɗai zai faɗa a rubuta, ba shi da ikon cewa ga dalilin faɗuwar. Kamfani yana da kuɗin hayar masana goma. Ita fa, wa za ta ɗauka? Mutum ɗaya da ba a saye ba, shi aka ɗaure wa baki.

Irin waɗannan sharuɗɗa ana kiransu da sunan wani ɗan kurkuku, Roger Touhy, wanda aka ɗaure a 1934 bisa laifin satar mutum. Ya ce ƙage aka yi masa, ya nemi takardun da ke ofishin 'yan sandan ciki a Cikago. Shugaban ofishin ya ƙi, domin Babban Lauyan Gwamnati ya hana, a 1951 kuwa Kotun Ƙoli ta ce ba za a hukunta shi ba. Ma'aikatu suka rungumi hukuncin nan, suka faɗaɗa shi daga takardu har zuwa bakin mutane. A 1954 wani alƙali ya bincika, ya ce satar nan shiri ce kawai. Duk da haka sai 1959 aka saki Touhy, bai cika wata guda a waje ba aka harbe shi.

Alƙalin da ya ji ƙarar shi ya kamata ya auna ko ana bukatar shaidar, ba shugaban ma'aikata ba, wanda watakila asirin ofishinsa yake rufewa. In shugaban ya ƙi, matar nan sai ta sake buɗe wata shari'a da Gwamnati, alhali ta farin ma da bashi ta shige ta.